Gudu ko Ƙarfi? Tarihin Giya Daga Duwatsun Zuru Zuwa Tseren Motocin Rimot

Duk wanda ya tashi a Zuru, ko a wani gari na Arewa, ya san motar langa-langa. Yaro zai samo gwangwani ya buɗe, ya lanƙwasa jikin mota, ya yanko tayoyi daga tsohon silifa, ya ɗaura zare yana ja. Idan ya ɗan ƙara wayo sai ya ce shi fa motarsa da kanta za ta yi tafiya. Sai ya farke matacciyar rediyo mai kaset, ya ciro ɗan injin lantarkin da ke juya kaset ɗin, ya soka tsinkensa a tsakiyar taya, ya haɗa da batir. Ya ɗaga motar sama, taya na juyawa har ido ba ya iya bin ta. Yana ajiye ta a ƙasa sai ta tsaya cak. Ba ta gaba, ba ta baya, sai ɗan gunji, kuma kafin minti ɗaya injin ya ɗauki zafi.

Me ya faru? Batirin da sauransa, injin ma lafiyarsa lau. Abin da yaron ya yi karo da shi wata tsohuwar doka ce da ɗan Adam ya shafe sama da shekara 2,000 yana ciniki da ita: duk abin da ka ƙara a gudu, sai ka biya shi da ƙarfi. Giya ita ce kasuwar da ake wannan cinikin. Bari mu bi tarihinta, daga hanyar hawa dutse zuwa filin tseren motocin rimot, domin darasin na gab da shafar aljihun duk mai neman abinci da babur.

Tun kafin a ƙera haƙori

A ƙarni na 19, lokacin da hare-haren Kontagora suka addabi yankin, Dakarkari da maƙwabtansu da yawa a kan tuddai da duwatsu suka zauna domin tsaro. Wanda zai hau da damin dawa ba ya miƙe dutsen tsaye. Hanyar kan yi ta karkacewa, ta yi dama ta yi hagu. Tafiyar ta ƙara tsawo, amma kowane taku ya ƙara sauƙi. Aikin dai ɗaya ne, wato kai dami saman dutse. Abin da aka yi kawai shi ne an raba shi a kan taku masu yawa. To giya ta ɗaya ke nan, ba tare da ƙarfe ba.

Haka jigo yake a fadama. Sanda ce doguwa a kan gwafa, guga a dogon ɓangaren, curin laka mai nauyi a gajeren. Curin yana motsawa kaɗan, guga na yin tafiya mai nisa. Masanin lissafin nan na Girka, Arkimidis, ya rubuta ƙa'idar wannan ciniki tun a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS): nauyi babba a kusa da gwafa yana daidaita nauyi ƙarami a nesa da ita.

Giya mai haƙora ba komai ba ce illa wannan sandar da aka mayar da ita faifai domin ta riƙa aiki ba tsayawa. A Masar, tun wajen wancan zamanin, an yi saƙiya: sa ko raƙumi na zagayawa yana juya faifan katako mai haƙora da ke kwance, shi kuma yana juya wani da ke tsaye, wanda ke ɗebo ruwa da jerin tukwane. A 1901 masu ninƙaya suka tsamo wani dunƙulen tagulla daga jirgin ruwan da ya nutse kusa da tsibirin Antikitera na Girka. Da aka bincika sai aka ga na'ura ce mai faifai wajen 30, ɗaya daga ciki mai haƙora 223, tana lissafa zagayen wata da lokutan husufi. A nan ba ƙarfi ake nema ba, lissafi ake yi da yawan haƙora.

Malaman duniyar Musulunci sun ɗora a kai. Wajen shekara ta 1000, Al-Biruni ya bayyana wata kalanda mai faifai 8 da ke nuna matsayin rana da wata. A 1206 Al-Jazari, injiniyan fadar Diyarbakir da ke Turkiyya ta yau, ya kammala littafinsa na na'urori, cike da zanen injinan ɗaga ruwa masu aiki da haƙora.

Keke ya fito da lissafin kan titi

Na ɗaruruwan shekaru giya na ɓoye a cikin agogo da injinan niƙa. Keke ne ya sa talaka ya ji ta a cinyarsa. Kekunan shekarun 1870 a Ingila ba su da kaca. Feda a jikin tayar gaba take, saboda haka juyin ƙafa ɗaya daidai yake da juyin taya ɗaya. Mai son gudu ba shi da dabara sai ya ƙara girman tayar. Haka aka yi ta ƙarawa har tsayinta ya kai mita 1.5, mahayi na can sama kamar wanda ya hau raƙumi. Juyin feda ɗaya na ba shi wajen mita 4.7, amma ɗan dutse kaɗan ya ishi ya wuntsilo da ka.

A 1885, a birnin Coventry, John Kemp Starley ya fito da keken da ya kira Rover: tayoyi biyu madaidaita, kaca na ɗauko juyi daga babban faifai a wurin feda zuwa ƙarami a tayar baya. Ɗauki keke irin na kakanninmu, mai taya inci 28. Juyin tayar ɗaya wajen mita 2.2 ne. Idan faifan gaba na da haƙora 44, na baya 18, to kowane juyin feda na juya taya sau 2.44, wato wajen mita 5.4. Ka ga ƙaramar taya ta wuce babba, kuma mahayi na iya sa ƙafa a ƙasa. Wannan raba yawan haƙoran faifai ɗaya da na ɗayan shi za mu riƙa kira rabon giya.

Amma cinikin na nan. Rabon da ya yi daɗi a shimfiɗaɗɗiyar hanya shi zai sa ka sauka ka tura idan ka zo hawa. Shi ya sa a 1902 aka fito da giyar Sturmey-Archer mai hawa 3 a cikin cibiyar tayar baya, ƙarƙashin kamfanin Raleigh na Nottingham. Masu shirya tseren keke na Faransa, Tour de France, sun daɗe suna ganin sauya giya ragwanci ne. Sai a 1937 suka yarda kowa ya yi amfani da na'urar da ke tsallakar da kaca daga faifai zuwa faifai. A wajenmu kuwa Raleigh ya zama abin alfahari, har kamfanin ya yi masana'anta a Kano. Mafi yawan waɗanda suka shigo ƙauyuka masu giya ɗaya ne, kuma duk wanda ya taɓa ɗora buhu a bayan keke a hanyar Dabai ya san a inda ake sauka.

Babur da buhun dawa

Yau babur ne jakin yankin. Daga Zuru zuwa Ribah, Mahuta, Dirin Daji ko Rijau, shi ke kai mutane da amfanin gona kasuwa. Injin fetur na da wani hali: ba ya da ƙarfin kirki idan yana juyawa a hankali, kuma idan aka matsa masa sai ya mutu. Dole a bar shi yana juyi da sauri, a riƙa sauya rabon da ke tsakaninsa da taya. Dalilin kuloci da giya 4 ke nan.

Bayan akwatin giya akwai rabo na ƙarshe, na kaca, kuma a nan kanikawanmu ke nuna gwaninta. A ce faifan gaba na da haƙora 14, na baya 42. Rabon ya zama 3: sai na gaba ya juya sau 3 kafin taya ta juya sau 1. Ɗan kabu-kabun da ke ɗaukar buhuna a hanya mai hawa zai iya sa a canza masa na baya zuwa mai 45. Rabon ya koma 3.2, ƙarfin jan ya ƙaru da wajen kashi 7 cikin 100, gudu ya ragu da kusan haka. Wanda kuma ke bin kwalta ba kaya zai iya sa na gaba mai 15: rabon ya sauko 2.8, gudu ya ƙaru, injin ya rage kuka, amma hawa zai riƙa ba shi wahala. Lura da kyau, haƙori 1 a gaba ya yi daidai da wajen 3 a baya. Bakanike ba lallai ya rubuta wannan lissafin ba, amma hannunsa ya san shi.

Yadda wasan yara ya zama ɗakin gwaji

A 1898, a zauren Madison Square Garden na birnin New York, Nikola Tesla ya nuna wani ƙaramin jirgin ruwa a cikin kwatami yana sarrafa shi daga nesa ba waya. Sai da aka yi kusan shekara 70 kafin dabarar ta sauko cikin ƙaramar mota ta sayarwa. A 1966 wani kamfanin Italiya mai suna El-Gi ya fito da ƙaramar Ferrari 250LM mai rimot. A 1976 kamfanin Tamiya na Jafan ya fito da Porsche 934 mai batir, wadda mai saye ke harhaɗawa da hannunsa, kuma a 1979 ya biyo da motocin da ke iya shiga yashi da tsakuwa. A wannan shekarar aka kafa IFMAR, hukumar da ke shirya gasar duniya. A 1984 kamfanin Team Associated na Amurka ya fito da RC10, wadda Jay Halsey ya ci gasar duniya da ita a Kalifoniya a 1985. Daga baya wani ɗan Jafan, Masami Hirosaka, ya tara kambun duniya har 14.

Kada ka raina su don ƙanƙanta. Motar tsere mai girman kashi 1 cikin 10 na motar gaske tana da duk abin da motar lantarki ke da shi: batir, inji, na'urar saita gudu, da giya. Kuma tun da kuskure a nan ba ya cin rai, sai dai ya ci kuɗi, masu wasan sun yi ta gwaje-gwajen da ba wanda zai yi da babbar mota.

Abu na farko da za ka lura: mafi yawan masu batir giyarsu ɗaya ce tak. Injin lantarki ba irin na fetur ba ne. Ƙarfin murɗarsa ya fi yawa tun daga tsaye, ba ya bukatar kuloci. Sai dai yana juyi da saurin da taya ba za ta iya amfani da shi kai tsaye ba. Matsalar yaronmu na farko ke nan. Don haka a kan tsinken injin ana sa ƙaramin faifai, shi kuma ya kama babban faifai, sannan juyin ya bi ta wani akwatin giya zuwa tayoyi. Direba ba zai iya sauya giya ana cikin tsere ba. Abin da ya zaɓa kafin a tashi, da shi zai ƙare.

Mu yi lissafin tare

A ce ƙaramin faifan na da haƙora 20, babban 80. Rabonsu 4. Akwatin ciki kuma rabonsa 2.6, kamar yadda yake a wasu sanannun motocin tsere. Idan ka ninka, jimilla 10.4: inji zai juya sau 10.4 kafin taya ta juya sau 1.

Injinan zamani na zuwa da lamba da ke nuna juyi nawa suke yi a minti a kan kowane bolt. Ɗauki mai 3,000, ka ba shi batir mai bolt 7.4. Zai yi juyi 22,200 a minti idan ba kaya. Raba da 10.4, taya na juyi wajen 2,135 a minti. Taya mai faɗin milimita 85 na cin wajen santimita 27 a juyi ɗaya. Wato mita 570 a minti, ko kilomita 34 a awa. A ƙasa zai ɗan gaza haka saboda iska da nauyi.

Yanzu cire mai 20 ka sa mai 24. Jimillar rabo ta sauko 8.67, gudu ya haura kilomita 41 a awa. Da daɗi, ko? To ga kuɗin da za ka biya. Ƙarfin da ke isa taya ya ragu da kashi 1 cikin 6. Domin motar ta tashi daga kwana kamar da, dole injin ya ja wutar da ta fi ta da da kashi 20 cikin 100. Shi kuma zafin da waya ke fitarwa ba bin wutar yake sawu da sawu ba. Yana bin wutar idan an ninka ta da kanta. Ninka 1.2 da 1.2 ka samu 1.44. Ƙarin haƙori 4 ya jawo ƙarin zafi kashi 44 cikin 100.

Me ya sa inji ke jan wuta da yawa idan an danne shi? Duk injin lantarkin da ke juyawa yana kuma aiki kamar janareta, yana turo wata wuta da ke ture ta batir. Idan yana gudu sosai, turin na da ƙarfi, wutar da ke shiga kaɗan ce. Idan kaya ya danne shi ya rage juyi, turin ya yi rauni, sai wuta ta kwararo kamar an fasa madatsa. Idan ya tsaya cak, ba turi ko kaɗan, duk wutar zafi take zama. Haka koyil ke ƙonewa. Shi ya sa masu tsere ke yawo da ma'aunin zafi: a yi minti biyu ko uku a fili, a auna jikin injin. Yawancinsu ba sa bari ya wuce digiri 70 zuwa 80, domin zafi mai yawa na raunana maganaɗisun ciki, kuma idan ya raunana ba ya dawowa. Idan ya yi zafi, a rage haƙori 1 ko 2. Ranar da rana ta take, ko filin ya zama yashi ko ciyawa, a ƙara ragewa.

Daga ƙona wuta zuwa yanka ta

Giya na yanke iyakar gudu. Amma wa ke yanke yawan wutar da za a ba injin a kowane lokaci? Wannan ma tsohuwar matsala ce. A 1888, a birnin Richmond na Amurka, Frank Sprague ya ƙaddamar da taragon lantarki na cikin gari a kan tituna masu hawa. Hanyar da aka saba rage gudu a wancan zamani ita ce a sa waya mai turjiya a gaban injin, ta sha wani kaso na wutar. Aiki na yi, amma abin da wayar ta sha zafi yake zama. Idan ka taɓa dafa wani tsohon akwatin rage gudun fanka ka ji shi da ɗumi, to irin wannan asarar ce.

Motocin rimot na farko haka suke. Wani ɗan hannu ne ke gogawa a kan faranti mai matakai 3, ga fararen wayoyin turjiya a bayan motar suna zafin da zai iya ƙona yatsa. Idan ana tafiya a rabin gudu, kusan rabin abin da batir ke bayarwa a banza yake tafiya. Kuma batiran lokacin ƙanana ne: ƙwaya 6, bolt 7.2, ga tsere na minti 4 ko 5. Direba da yawa ya jagoranci tsere har zuwa zagayen ƙarshe, sai batir ya ƙare, motar ta koma rarrafe ana wuce ta. A wancan zamanin zaɓen giya tambaya ce guda: shin wutar za ta kai ni ƙarshe? Sauri ya haifi nawa, in ji Bahaushe.

Maganin ya fito ne daga wani wuri dabam. A 1959, a ɗakin binciken Bell da ke Amurka, Mohamed Atalla, haifaffen Port Said ta Masar, da abokin aikinsa Dawon Kahng ɗan Koriya, suka ƙera wani nau'in taransisto da ake kira MOSFET. Makunni ne da ba shi da wani sashe mai motsi. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 an samu masu ɗaukar wuta mai yawa, kuma a shekarun 1980 kamfanoni irin su Novak da Tekin suka sa su a na'urorin saita gudu na motocin tsere.

Dabarar mai sauƙi ce. Maimakon a rage wutar, sai a riƙa kunna ta gaba ɗaya ana kashewa da sauri. Na farko-farko na yin haka sau 50 zuwa 60 a daƙiƙa, na yanzu sau dubbai. Idan kana son rabin gudu, wuta na kunne rabin lokaci. Kana son kwata, tana kunne kashi 1 cikin 4. Injin ba ya jin yankewar, matsakaicin kawai yake ji, kamar yadda mai gare-gare ke bugun taya jifa-jifa amma ita tana tafiya sumul. Asarar kuwa kaɗan ce, domin idan makunnin na kunne kusan ba ya turjiya, idan yana kashe kuma ba abin da ke wucewa.

Sauran sassan suka biyo baya. A farkon shekarun 1980 Masato Sagawa a Jafan da John Croat a Amurka, kowa a nasa ɓangaren, suka samar da maganaɗisun niyodimiyam mai ƙarfin gaske. A 1991 Sony ya fara sayar da batirin litiyam. A shekarun 2000 masu tsere suka koma injin da ba shi da burushin gawayi, inda na'urar saita gudu ce da kanta ke bi da bi tana ba koyil 3 wuta daidai da matsayin maganaɗisu. Batir ya daina ƙarewa a tsakiyar tsere. Tambayar ta sauya daga "wuta za ta isa?" zuwa "injin zai jure zafin?"

Abubuwan da ake saitawa

Na'urar zamani ƙaramar kwamfuta ce, ana saita ta da kati ko da waya. Abu huɗu ne suka fi muhimmanci.

Na farko, zafin tashi: yadda wuta za ta shigo idan direba ya danne totur. A fili mai santsi ko ƙura, tashi mai zafi taya kawai zai sa ta yi ta juyi a wuri ɗaya, don haka gwanaye kan sassauta shi. Sau da yawa motar da aka rage wa zafin tashi ita ke gama zagaye da wuri.

Na biyu, birkin sakin totur: ɗan riƙon da injin ke yi da zarar an saki totur, irin wanda direban babbar mota ke samu idan ya sa ƙaramar giya a gangara.

Na uku, gaggauta lokacin ba koyil wuta. Idan aka sa na'urar ta riƙa kunna kowane koyil da ɗan wuri, juyi na ƙaruwa, zafi ma na ƙaruwa. Wanda ya ƙara wannan, dole ya rage haƙori. Taura biyu ba ta taunuwa. A wasu rukunonin gasa ma an hana wannan saitin gaba ɗaya domin a ga gwanintar direba.

Na huɗu, iyakar batir. Ƙwayar litiyam cike take a bolt 4.2, kuma idan aka zuƙe ta ƙasa da bolt 3 tana lalacewa, ta kumbura, wani lokaci har ta kama wuta wajen caji. Na'urar kan yanke wuta kafin a kai nan. Kashe wannan kariyar don a ƙara minti biyu na wasa ganganci ne.

Ƙa'idar masu tsere ita ce a sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya, a gwada, a auna, a rubuta. Idan ka sauya uku tare, ba za ka san wanne ya gyara ba, wanne ya ɓata. Wannan ita ce hanyar binciken kimiyya, ko da a filin wasa aka yi ta.

To mu ina ruwanmu?

Ruwanmu da yawa. Motar lantarki ta gaske babbar yayar motar rimot ce: batir, na'urar yanka wuta, inji, da giya ɗaya, galibi mai rabo wajen 8 ko 9. Kuma 'yan Arewa ba baƙi ba ne a wannan fage. Jelani Aliyu, wanda ya yi karatun zanen gine-gine a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi kafin ya tafi Detroit, shi ya zana siffar Chevrolet Volt da kamfanin General Motors ya nuna a 2007. Lokacin da yake shugabantar hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, an buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato a 2021. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin fetur daga ƙananan bas-bas yana sa musu na lantarki.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, masu babur da Keke Napep ke ta duba na lantarki. A nan darasin haƙori 4 zai yi amfani. Babur ɗin da aka tsara wa rabon giya domin mutum ɗaya a shimfiɗaɗɗen titin birni, idan aka ɗora masa buhu biyu aka nufi hawa da tsakar rana a watan Afrilu, yanayin yaronmu na farko zai shiga: juyi kaɗan, wuta mai yawa, zafi. Mai kyau zai rage ƙarfi da kansa ko ya tsaya har ya huce. Mara kyau zai ƙone na'ura ko koyil, kuma kuɗin gyaran zai cinye ribar makonni.

Saboda haka kafin ka saya, duba inda injin yake. Idan a cikin cibiyar taya aka gina shi, ba faifan da za ka canza. Yadda ya zo haka za ka zauna da shi. Idan a tsakiyar babur yake yana ja da kaca ko bel, bakanike zai iya ƙara haƙoran baya ya sayo maka ƙarfi da ɗan gudu, kamar yadda ya saba yi wa na fetur. Ka tambayi nauyin da aka yarda ya ɗauka, ka gwada shi da kaya a kan hawa, ba a fili ba. Kuma idan wani ya ce zai "buɗe" maka na'urar domin ƙarin gudu, ka tuna da 1.2 sau 1.2.

Ga malaman makaranta da ɗalibai, har da na Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru, ga gwajin da bai fi ƙarfin aljihu ba. A samo ɗan injin rediyo ko na tsohuwar na'urar faifan bidiyo. A fara soka shi kai tsaye a taya, a ga yadda motar ke ƙin tashi. Sannan a manna murfin gwangwani a kan sandar tayoyin baya, a zagaya robar ɗaure kuɗi daga tsinken injin zuwa murfin. Idan faɗin tsinken milimita 2 ne, na murfin 40, rabon ya zama 20, kuma motar za ta tashi. A gwada murfi uku masu girma dabam-dabam, a auna daƙiƙa nawa kowanne ke ɗauka ya ci mita 5 a kan siminti, sannan a jingina katako a maimaita a kan hawa. A rubuta sakamakon a allo. Murfin da ya zo na ɗaya a siminti da wuya ya zo na ɗaya a hawa, kuma yaron da ya gano dalilin haka da hannunsa ya riga ya fara koyon gyaran baburan da za su cika tashoshinmu nan gaba.